A Gwada Rijiyoyin Isa da Sabon Birni

A 2024 cutar kumburin ciki ta addabi yara a Isa ta jihar Sakkwato. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga mutum 164, huɗu suka rasu, aka kuma ga dalma a jinin wasu. Duk wanda ya tuna yaran Zamfara kusan 400 da gubar dalma ta hallaka a 2010, dole hankalinsa ya tashi. Tafasa ruwa ba ya cire dalma, jama'a su sani. Don kare ruwan sha daga kowace irin guba, ina roƙon masu unguwanni da limamai su hana wanke tankin feshi a bakin rijiya da ɗiban ruwa da jarkar maganin ƙwari, su kuma matsa wa gwamnatin Sakkwato ta gwada rijiyoyin Isa da na maƙwabciyarta Sabon Birni, a sanar da sakamakon a masallatai da kasuwanni.