ZAUREN UWARGIDA: Inshorar Taya Ko Asusun Taya?

'Yan'uwana mata, da ku ma mazan da kuke leƙo mana wannan zaure a ɓoye. Na san kuna nan, tunda wasiƙunku suna iso mu.

Wannan karon na ajiye maganar girki da ta kishi a gefe, maganar taya zan yi. E, tayar mota. Kada wata ta yamutsa fuska ta ce ina ruwan uwargida da taya. Wallahi da ruwanki, domin ke da 'ya'yanki ake ɗorawa a kanta. Ni nan da kuke ji, saura ƙiris taya ta sa in yi yaji bayan shekara goma sha huɗu da aure.

A daminar bara abin ya faru. Maigidana yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da yake lallaɓawa zuwa wurin aiki. Tayoyinta duk sun suɗe, sun koma sumul kamar tafin hannu. Da kwasar adashina ta zo, sai na ƙirga kuɗin tas na miƙa masa, na ce, "Malam, don Allah ka shiga Kano ka sa wa motar nan sababbin tayoyi. Bikin ƙanwata ya matso, ka san kuma da ita za a yi ta zirga-zirga." Ya karɓa yana ta sa mini albarka har sai da na ji kunya.

Da yamma sai ga shi ya dawo yana danna ham tun daga bakin layi. Na leƙa, sai na ga mota ta sha sababbin wili na alminiyon, sai walƙiya suke yi. Ya ce, "Uwargida, kin ga aiki ko? Tayoyin 'yan Beljiyam na samu da araha, dubi zanensu kamar ba a taɓa hawa ba. Canjin da ya rage shi ne na ƙara na sa mata wili." Gabana ya faɗi, amma na yi shiru, don kada a ce daga ba da kuɗi na fara gori.

Ranar kai amarya ta kama Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Duk wanda ya san garinmu ya san yadda hanya take a wannan rana, manyan motocin shanu suna fitowa daga kara, ga 'yan kasuwa kowa na sauri ya koma gida. Muka kai amarya Gaya lafiya. Bayan isha'i muka kamo hanyar dawowa, an tafka ruwa an ɗauke. Mu bakwai ne a motar, har da Hajiya mahaifiyarsa da 'yar autata mai shekara bakwai, ga but cike da kwanuka da ragowar kayan biki. Wata babbar mota ta dallare mu da fitila, Malam ya ɗan kauce, ashe akwai rami da ruwa ya rufe. Sai ji muka yi daram! Mota ta yi wani kukan kura ta nufi gefen hanya, kowa ya ɗauki salati. Allah ya taimaka Malam bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari gam har ta tsaya a bakin wata gona.

Tayar gaba ta yage ta gefe, sabon wilin nan mai walƙiya ya tsage. Aka ciro safaya, babu iska. Aka ɗauko sifana, ta ƙi shiga notin sabon wili. Haka muka zauna cikin duhu da sauro kusan awa biyu, Hajiya tana ta jan carbi, yarinya tana rawar ɗari a jikina. Wani ɗan acaba, Allah ya yi masa albarka duk inda yake, shi ya je har bakin gada ya taso mana wani mai faci.

Mutumin nan ya haska tocila a jikin tayar da ta fashe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai tayar nan ta girmi yarinyar nan." Ya nuna masa wasu lambobi huɗu a gefen tayar, 3615. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an ƙera ta a mako na 36 na shekarar 2015. Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban ce uffan ba, kuma haka na ci gaba da rufe bakina har kwana uku.

A rana ta huɗu ƙanena da ke karatu a Amurka ya bugo waya yi mana jaje. Da ya ji labari sai ya ce, "Yaya, ai mu nan akwai takardar kariya ta taya da wili. In ka sayi mota, dillali zai yi maka tallarta. Ka biya sau ɗaya, in ƙusa ko kwalba ko rami ya ɓata maka taya, su gyara ko su sake maka wata, har da wilin." Malam da ke gefe yana saurare sai ya yi farat ya ce, "Kin ji ko! Da muna da irin wannan ai da ba mu yi asara ba." Maganar farko ke nan da ta haɗa mu tun daren.

Ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce wa yaron ya nemo irin takardar ya karanta mana ƙananan rubutun da ke ƙasa, wanda ba a son mutum ya tsaya dubawa. Ga abin da ya fito. Ba sa biyan tayar da ta suɗe don tsufa. In zanenta ya yi ƙasa da wajen milimita 1.6, babu ruwansu. Yawancinsu ba sa biyan ƙarzanewar wili in ka goga shi a bakin kwalbati, sai in ka ƙara kuɗi. Dole ka kira su su ba da izini kafin a taɓa tayar, kuma sau da yawa sai a garejin da suka amince da shi. Sannan akan cusa kuɗin cikin bashin motar, mutum ya yi ta biya da ƙari a kai. Ya ce ko a can ma, waɗanda abin ya fi yi wa rana su ne masu motocin alfarma masu faffaɗan wili da siririyar taya, irin wadda guda ɗaya kuɗinta abin tsoro ne, kuma rami kaɗan ke lanƙwasa ta. Mai ƙaramar mota da wilin ƙarfe, sau tari wa'adin takardar yakan ƙare bai karɓi ko sisi ba.

Na dubi Malam na ce, "To, ka ji. A daren nan wa za mu kira ya ba mu izini a tsakiyar gona? Kuma wane kamfani ne zai karɓi tayar gwanjo ta 2015?"

Duk da haka bai haƙura ba. Ya shirya ya tafi Kano wani ofishin inshora ya yi tambaya, kuma na yaba masa, domin bayanin da ya dawo da shi zai amfani kowa. Inshorar mota da aka fi sani a ƙasar nan iri biyu ce. Akwai ƙaramar da doka ta wajabta wa duk mai mota, wadda ake kira tad fati. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda kuma suka fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. To amma fa ku gane, wannan wanda ka yi wa ɓarna take biya. Motarka da tayarka ba sa ciki.

Sai kuma babbar, mai ɗauke da haɗari da gobara da sata. Ita wannan hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. Ke nan motar naira miliyan 6 za ta ci naira 300,000 duk shekara. Kuma ko ita ɗin, a yawancin takardunta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a biyan taya in faci ta yi, ko ta yanke, ko ta fashe, ko birki ya cinye ta, sai dai in haɗari ne ya ɓata jikin motar tare da ita. Ga masu ɗari-ɗari da inshora saboda addini, akwai tsarin takaful, wanda aka ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Amma shi ma sai an karanta sharuɗɗansa, kada a ɗauka komai da komai yake biya.

Da na zauna na yi lissafina na mata, ga inda na tsaya. Abin da ya fi samun taya a wurinmu faci ne, kuma facin nan kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, ga masu faci a kowace kwana daga Wudil har Mariri. A Amurka ladan mai gyara ke da tsada, shi ya sa takardar take da kasuwa. Abin da ke da nauyi a wurinmu shi ne sayen sabuwar taya. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, tayarmu ta koma ta shigowa daga waje. Da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin 2023, sai farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ne ke tura mazajenmu wajen 'yan Beljiyam, duk da cewa tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuwa ta daɗe tana jan kunne cewa taya in ta shekara huɗu daga ranar ƙera ta, a yi hattara da ita, komai kyan zanenta. Roba ce, tana bushewa tana tsattsagewa ko ba a hau ta ba, balle a zafinmu na bazara da kan haura digiri 40.

Kuma ga babbar magana. Ko da muna da takardar nan a aljihu, ba za ta hana tayar fashewa a daren nan ba. Iyakarta ta biya kuɗin roba da alminiyon. Da motar ta kife da Hajiya da yarinyata, wace takarda ce za ta mayar mini da su?

Saboda haka muka buɗe abin da na sa wa suna asusun taya. Duk ƙarshen wata Malam yana ajiye wani abu, ni ma ina jefa nawa daga cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a hannuna asusun yake, don an ce ba a fafe gora ranar tafiya. In taya ta lalace, ga kuɗi. In ba ta lalace ba, kuɗinmu na nan, babu kamfanin da ya cinye. Da shi muka sayi sababbi biyu, bayan wata huɗu muka cike sauran.

Sannan ga 'yan abubuwan da mai facin nan ya koya mana, ke ma ki riƙe. Na farko, kafin a biya kuɗin taya a duba lambobi huɗun nan, domin ko sabuwa ce tana iya daɗewa a shago. Na biyu, a sa geji a auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafa ake yi a ce ta yi ba. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe a kan gudu. Na uku, a riƙa leƙa safaya, a tabbatar da jak da sifanar da ta dace da notin. Na huɗu, mu mata mu rage lodi ranar biki. Ba dole ne kowace gwaggo da kowane kwano su shiga mota ɗaya ba.

Ban ce inshora ba ta da amfani ba. Ta dolen nan a yi ta, kuma a yi ta gaskiya, ba ta bakin titi ba. Wanda Allah ya hore wa mota mai tsada, ko yake neman abinci da ita, babbar inshora za ta iya rufa masa asiri ranar haɗari ko sata. In kuma mai sayar da sabuwar taya ya ba ka garanti a rubuce, karɓi abinka, ka tambaye shi me da me ya ƙunsa, na tsawon wane lokaci, kuma ina za ka kawo ta. Amma a ware kuɗi musamman don kariyar taya da wili a kan motar talaka irin tamu, ni dai ban ga ribarsa ba. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Na san wasunku suna jira su ji yadda muka ƙare da Malam. Wilin nan uku da suka rage ya mayar Kano ya sayar, ya dawo da na ƙarfensa na da. Ran nan da magariba sai ga shi da ƙunshin soyayyen kifin bakin gada, ya ajiye a gabana, ya ɗora canjin a kai. Ya ce, "Uwargida, a yi haƙuri, na ji jiki." Na ce, "Malam, ai in kunne ya ji, jiki ya tsira." Hajiya tana daga ɗaki ta ce, "To ku miƙo mini kan kifin, tunda ni na fi kowa shan sauro."

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya raba mu da da-na-sani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah daga Gaya a kan kayan lefe. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Uwargida, daga Wudil.