Matuƙin da ya ce "ba zan tashi ba" ya fi mu hankali

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara jifana.

Daren jiya a majalisarmu wani ya kunna mana bidiyo a waya. Wasu tsofaffin matuƙan jirgi mai saukar ungulu ne, Turawa, sun tara yara masu koyon tuƙi suna ba su labarin kurakuran da suka tafka a aiki. Wannan ya ce ya taɓa tashi bai duba mai da idonsa ba, ya yarda da abin da aka gaya masa kawai. Wancan ya ce ya taɓa kutsawa cikin hazo don yana jin nauyin ya ce wa maigidansa a juya. Sai wani yayanmu da muke girmamawa ya ce, "Waɗannan ai sakarkaru ne. Mutum ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a? In ni ne mai kamfanin, gobe ba wanda zai ƙara taɓa min jirgi." Majalisa ta ɗauki dariya. Wani ya ƙara da cewa, "Duk surutu ne ma, tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Ban ja da shi a wurin ba saboda girmansa. Amma na kwana da maganar, domin waɗannan tunani guda biyu, na korar mai faɗin kuskurensa da na rufe bincike da sunan tsautsayi, su ne suke kashe mutane. Yaya, in kana karantawa ka yafe min, ga amsata.

Ranar 1 ga Disamba 1974 wani jirgin fasinja na kamfanin TWA ya daki wani tsauni a jihar Bajiniya ta Amurka yana shirin sauka a filin jirgin Dulles. Mutum 92 ne a ciki, ba wanda ya fita. Matuƙan sun fahimci umarnin masu ba da hanya a karkace, suka yi ƙasa tun lokaci bai yi ba. Da aka shiga bincike sai aka gano abin takaici: makonni shida kafin nan, matuƙan wani kamfanin, United, sun yi irin wannan kuskuren a daidai wurin, da ƙyar suka tsallake tsaunin. Sun kai rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi matuƙansa, amma maganar ba ta fita waje ba. Matuƙan TWA ba su taɓa jin ta ba. Labarin da zai ceci rai 92 yana nan a rubuce, a hannun wasu.

Dalilin ke nan da a 1976 Amurka ta kafa tsarin da duk matuƙin da ya yi kuskure, na babban jirgi ko na helikwafta, zai rubuta abin da ya faru ya aika. Hukumar NASA aka damƙa wa karɓar rahoton, ba hukumar da ke hukunta matuƙa ba, don kada a ji tsoro. Ana cire sunan mutum, a ɗauki darasin a raba wa kowa. In kuskuren ba na ganganci ba ne, ba kuma laifi ba ne irin na kotu, kuma mutum ya kai rahoton cikin kwana 10, ana iya ɗage masa hukunci. Rahotannin da suka tara sun haura miliyan. To Yaya, da shawararka aka bi aka kori na farkon da ya buɗe baki, wa zai zama na biyu?

Yanzu mu zo kan abin da tsofaffin nan suka fi nanatawa, wato hazo da gajimare. Mu da ke ƙasa muna ɗauka cewa matuƙi ko ido rufe ya san sama da ƙasa. Ba haka ba ne. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wani ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka karkata ko kana tsaye daidai. In jirgi ya daɗe yana lanƙwasa a hankali, ruwan nan sai ya lafa, jikinka ya rantse maka kana tafiya miƙe alhali kana juyawa kana nutsewa. Muddin ido yana ganin ƙasa da sararin sama, ido zai gyara ƙaryar kunne. Da zarar hazo ya rufe, saura na'urorin gabanka kawai, kuma ba ƙaramin horo ne zai sa mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allura ba. Masu nazarin haɗurran helikwafta a Amurka sun duba waɗanda suka shiga gajimare ba shiri suka mutu, suka ga matsakaicin lokacin da ke tsakanin shiga da faɗuwa daƙiƙa 56 ne. Ko minti ɗaya bai cika ba.

Kowa ya tuna mutuwar Kobe Bryant, ɗan wasan ƙwallon kwando, ranar 26 ga Janairu 2020 a Kalifoniya, shi da 'yarsa da wasu mutum bakwai. Matuƙin ba ɗan koyo ba ne, ya yi sama da awa 8,000 a sararin sama. Injin jirgin lafiyarsa ƙalau. Ya shiga gajimare, ya gaya wa masu ba da hanya cewa yana hawa zuwa ƙafa 4,000, alhali a lokacin jirgin gangarowa yake yi da gudu. Ba ƙarya ya yi musu ba, abin da jikinsa ya gaya masa ke nan. Masu bincike sun kuma ce akwai yiwuwar ya matsa wa kansa lamba don ya kai babban mutumin da ya saba ɗauka inda za shi. Ku lura, ba a ce Kobe ya tilasta shi ba. Nauyin babban mutum kaɗai ya isa.

Shekara huɗu bayan nan, ranar 9 ga Fabrairu 2024, abin ya zo gida. Herbert Wigwe na bankin Access, da matarsa, da ɗansa, da Abimbola Ogunbanjo, da matuƙa biyu, suka rasu a hamadar Kalifoniya da dare, sun taso daga Palm Springs za su Boulder City, ana ruwa haɗe da dusar ƙanƙara. Sakamakon binciken kusan kwafin na Kobe ne: an ci gaba da tafiya cikin yanayin da ido ba ya gani, matuƙi ya rikice. Ƙari a kai, na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki, kuma an san da haka kafin a ɗauki fasinjojin. Wannan a ƙasar da ta fi kowa tattara darasi ke nan. Darasin yana nan a rubuce, ba a yi aiki da shi ba a daren. To ina ga wurin da ba a ma yarda a faɗi darasin ba?

Shi ya sa tsofaffin matuƙa ba sa gajiya da maimaita abu ɗaya. Helikwafta ba ya bukatar titin sauka. Fili, gona, gefen hanya, duk wurin sauka ne. Marigayi Matt Zuccaro, tsohon matuƙi da ya shugabanci babbar ƙungiyar masu helikwafta, ya yi shekaru yana yekuwa a kan wannan: in abu ya fara rikicewa, ka sauke jirgin kawai, kunya ba ta kisa. A jiragen ɗaukar marasa lafiya kuwa suna da wata ƙa'ida: sai matuƙi da ma'aikatan jinya biyu duk sun yarda ake tashi, amma mutum ɗaya ya isa ya ce a fasa, kuma a fasa ɗin. Wurare da yawa ma ba a gaya wa matuƙi halin da majinyacin yake ciki sai ya gama yanke shawara a kan yanayin sama, don kada tausayi ya sa ya kashe mutum huɗu garin ceton ɗaya. Duk waɗannan ƙa'idoji daga gawawwaki aka samo su, da kuma bakin waɗanda suka sha da ƙyar suka faɗi gaskiya.

Mu dawo Najeriya. Ranar 2 ga Fabrairu 2019 helikwaftan da ya ɗauko mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife a Kabba ta jihar Kogi ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Mutum 12 ne a ciki, Allah Ya tsare, duk suka fita. Muka yi ta hamdala, kuma ya dace. Amma nawa ne cikinmu suka bi bayan labarin? Hukumar binciken haɗurran jirage ta ƙasa ta fitar da rahoto: iskar farfelar jirgin ce ta tayar da ƙura a busasshen fili lokacin sauka, ƙurar ta rufe wa matuƙa ido, suka kasa gane tazararsu da ƙasa. Rahoton ya kuma nuna ba a bi matakan da aka tanada don sauka a wuri mai ƙura ba, ba a kuma shirya filin yadda ya kamata ba. Wannan darasi namu ne kai tsaye. Wane fili ne a Arewa ba ƙura a watan Fabrairu? Filin makarantar firamaren da ake sauke gwamna a ƙauye, wa yake duba shi? Wa yake zuba masa ruwa? Wa yake korar yaran da ke rugawa ƙarƙashin farfela?

Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa ajali a hannun Allah yake. Amma ka tuna Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham da tawaga, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya juya da mutanensa Madina. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Matuƙin da ya hango hazo ya juya, sunnar wa ya bi? Mu kuma sai mu kira shi matsoraci. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda aka yi wa rasuwa. Wanda ya ɗauke shi ya toshe bakin mai tambayar "me ya faru, ta yaya za a kauce wa na gaba", ya ci amanar waɗanda za su hau jirgin gobe.

Na san wani zai ce, "To shi ke nan kowa ya yi ɓarna ya ce kuskure ne a tafa masa?" A'a. Wanda ya sha abin maye ya hau jirgi, ko ya yi ƙaryar an gyara abin da ba a gyara ba, ko ya karya doka da gangan don burga, a hukunta shi, tsarin Amurkan ma bai kare shi ba. Ana maganar mutumin kirki ne da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kauce, ya dawo ya ce ga ramin da na kusa faɗawa. In ka kore shi, ramin yana nan, ka dai kori wanda ya san inda yake. Sauran kuma sun koyi darasi ɗaya tak: in ka yi kuskure ka yi shiru.

Wani kuma zai ce, "Mu talakawa ina ruwanmu da helikwafta?" Da ruwanmu. 'Ya'yanmu ne sojojin sama da ke tuƙa su a Zamfara da Borno. 'Yan'uwanmu ne ma'aikatan mai da ake kaiwa tsakiyar teku a cikinsu. Mutanen Kaduna ba su manta 15 ga Disamba 2012 ba, ranar da gwamnansu Patrick Yakowa ya rasu a helikwafta a Bayelsa. Kuma halin ai ɗaya ne har a tashar mota. Direba ya ce barci yake ji a kwana a hanya, mu fasinjoji mu ne za mu taso masa, "Malam ka taka mana, muna da uzuri." Abin da muke yi wa direba shi Alhaji yake yi wa matuƙi, bambancin kawai shi ba sai ya ɗaga murya ba. Kallon agogo sau biyu ya wadatar.

Kakar siyasa tana tafe, za ta kuma haɗu da hazon hunturu kamar kullum. Jiragen haya za su yi ta zirga-zirga, taro uku a jiha biyu a wuni ɗaya, jama'a sun cika fili tun safe, makaɗa sun gaji, hadimai suna ta kiran waya. A irin wannan ranar ce matuƙi zai dubi sama ya ga ba ta yi ba. Roƙona ga duk wanda ke kusa da wani babba, ko hadimi ne kai ko direba ko ɗan'uwa: in matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba, kada ka zama mai cewa "ka san ko wa ka ɗauko?" Ka nemo mota, ko a ɗage taron. Kamfanin da aka ce matuƙinsa ya taɓa sauke maigida a gona ya ƙi ci gaba, shi za ku nema. Sauri ya haifi nawa?

Matasanmu da ke koyon tuƙi a kwalejin Zariya, da waɗanda ke sama yanzu: ku matsa wa manyanku su ba ku labarin ranar da suka kusa mutuwa, ba ranar da aka yaba musu kaɗai ba. In naku ya zo ku ma ku faɗa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma sai wane ya yarda an gani.

Yaya, tsofaffin nan da muka yi wa dariya sun kai furfura a aikin da ya binne abokansu da yawa. Ni dai in jirgi zan hau, a ba ni irinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa.