Manhajar Auna Gudun Inji: Amfani Akwai, Farashin Ne Matsala

Bakaniken janareta ya saba gane gudun inji da kunne. Yanzu akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki: makirfon wayar ya ɗauki ƙarar injin, manhajar ta lissafa sau nawa yake juyawa a minti ɗaya.

Abin ba na wasa ba ne. Wutar Najeriya tana kan 50Hz, don haka janaretan gida da aka saba gani ya kamata ya tsaya kusa da juyi 3,000 a minti. Idan ya gaza ko ya zarce, firiji da fanka ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Sai dai dole a faɗa wa manhajar yawan silinda da irin injin, in ba haka ba ta ninka lissafin ko ta raba shi biyu. Hayaniyar gareji ma kan rikita ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Wasu manhajojin kyauta ake sauke su, amma ɓangaren da ake buƙata a kulle yake sai an biya kuɗin wata-wata, wanda tushensa dala ne. Tun da aka saki naira a 2023, wannan ya ƙara wa bakanike nauyi, mutumin da ya saba sayen sifana sau ɗaya ya yi shekaru da ita. Ya kamata masu manhajojin su yanke farashi guda da naira, a biya sau ɗaya.