Wayar da ke hannun ɗanka: wa za a tambaya?



Ya ku ƴan uwa, iyaye maza da iyaye mata, tunatarwar yau a kan wani baƙo ce da ya shiga gidajenmu babu sallama, ya zauna a ɗakin ƴaƴanmu yana hira da su har tsakar dare. Ina nufin TikTok da Facebook da Instagram da ire-irensu. Da yawanku kun ga alamun: yaro ya daina barci da wuri, ya zama mai saurin fushi, asuba ta gagare shi, karatun allo da na lakwal duk sun ja baya. Yarinya ta tsani launin fatarta, ta shiga neman man shafawa don ta yi kama da waɗanda take kallo. In aka tambayi laifin wa, sai uba ya ce na zamani ne, uwa ta ce na wanda ya sayi wayar ne, malam ya ce na Turawa ne. Kowa ya wanke hannunsa, yaron kuma yana nan cikin halinsa.

Mu fara da masu kamfanonin, domin laifinsu tabbatacce ne. Dukiyarsu daga talla take fitowa, talla kuwa tana biya ne gwargwadon lokacin da ido ya ɗauka a kan waya. Saboda haka aka gina manhajojin yadda bidiyo ba ya ƙarewa, wani na bin wani, kuma na'urar tana ƙirga daƙiƙun da yaro ya tsaya a kan kowane hoto, ta ƙaro masa irinsa. Wanda ya tsaya kan abin baƙin ciki, baƙin ciki za a ci gaba da ɗura masa.

A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu ƴan mata ƙyamar jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi, inda ya kawo binciken da ya nuna cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a waɗannan kafofi, haɗarin shigarsu damuwa da ƙuncin rai ya ninka. A watan Oktoba na wannan shekarar jihohin Amurka sama da 40 suka kai kamfanin Meta kotu. A 2024 ƙasar Ostireliya ta kafa dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi. Masana na ci gaba da muhawara kan girman illar, amma mutanen da aka ƙera abin a ƙasarsu sun tsorata da shi.

To, ɗan uwa, waɗannan kotuna a Amurka suke. Babu alƙalin can da zai zauna saboda ɗanka da ke Tasawa ko Madawa ko Mirya. Takardun Haugen sun kuma nuna cewa mafi yawan kuɗin da kamfanin ke kashewa a wancan lokacin wajen yaƙi da labaran ƙarya a Amurka yake ƙarewa. Ke nan abin da ake zubawa da harshen Hausa, masu gadinsa kaɗan ne. Babu wani mai gadi da ya rage a ƙofar ɗakin ɗanka sai kai.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar kamfanonin da kansu ta ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wa ya ƙara wa ɗan shekara 9 shekaru aka buɗe masa? Wa ke saya masa kuɗin intanet? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da jariri gaban allon waya ko kaɗan, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mu kuwa da yaro ya yi kuka sai mu miƙa masa waya don mu huta.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kowannenmu makiyayi abin tambaya a kan kiwonsa, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, da mace a kan gidan mijinta da ƴaƴansa. A hadisin Abu Dawuda an umarce mu da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10. Ku duba: shari'a ta yi kishin yaro har daga ɗan uwansa na jini, mu kuma mun bar shi ya kwana da baƙin duniya a ƙarƙashin bargo. Mai kamfani zai ɗauki nasa nauyin, amma nauyinsa ba zai sauke naka ba.

Shi kuwa yaro, shi ne mafi ƙarancin laifi. Wanda bai balaga ba, Allah bai ɗora masa hisabi ba, balle a ce ya yi kokawa shi kaɗai da abin da ƙwararru suka tsara don ya rinjayi manya. Duka da fasa waya ba sa warkar da shi, ɓoyewa kawai suke koya masa. Ranar da wani zai yi wa ƴarka barazana da hotonta, tsoronka ne zai hana ta faɗa maka, sai ta haɗiye abin ita kaɗai. Ka zama wanda za ta fara gudowa wurinsa.

Ga abin da ke hannunmu tun daga daren yau. Bayan isha'i wayoyin yara su kwana a ɗakin iyaye. Kada a buɗe wa ƙaramin yaro shafi. Ka zauna kusa da ɗanka ka ga abin da yake kallo, ka tambaye shi cikin sakin fuska. Kai ma ka ajiye taka a kan tabarmar abinci, domin yaro ya fi koyo da ido. Abin da ka karɓe kuma ka maye gurbinsa da hira, da aike, da sana'a, da wasa da tsararsa. Idan ka ga yaro ya daina ci, ya ƙaurace wa mutane, ko yana zancen mutuwa, kada ka ce shagwaɓa ce. Ka yi masa addu'a, ka kuma kai shi wurin likita, domin neman magani yana cikin addini. Limamai da malaman makarantu, ku ma ku sa wannan magana a huɗuba da darasi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanyaya idanunmu da su, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Amin.