Babban Babur Na Hannu: Wa Zai Gyara Shi A Kanya Babba?

Masu wasa da harshe sukan ce ƙasar Babura ba ta rasa babura ba, kuma gaskiyarsu. Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Kanya Babba ran kasuwa zai ga abin da babur yake yi wa talaka. Shi ne jakin ɗaukar gero da riɗi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma abin hawan malamin makaranta. Don haka ba mu ɗauke shi ƙaramin al'amari ba da muka ji wasu 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata suna zawarcin manyan baburan nan na ƙasaita, irin su Harley-Davidson, waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka, a goge su a sa a kasuwa.

Ba mu musun kyansu. Amma don shimfiɗaɗɗun titunan Amurka aka ƙera su. Samfurin da ake kira Sportster 883, wanda ba shi ne babba a gidansu ba, nauyinsa ya haura kilo 240, injinsa kuwa ya kusa ninka na Bajaj Boxer sau tara. To, a sa shi cikin rairayin ƙauyukanmu da rani, ko cikin taɓo da damina, a ga ko ƙato nawa za su ɗaga shi in ya kwanta. Ga shan mai, alhali kowa ya san inda kuɗin fetur ya nufa tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023.

Babbar matsalar ma ita ce gyara. Ba sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya ba, bel ne. Ran da bel ɗin nan ya tsinke tsakanin Kanya da Kazaure, wane bakanike zai fito da irinsa daga akwatinsa? Sai jira, sai aike, albashi yana tafiya babur yana jingine a zaure. Boxer kuwa, yaron shago ma ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa.

Su kansu masu kamfanin sun gane karatun. A 2020 Harley-Davidson ta rufe masana'antarta ta Indiya, ta haɗa kai da Hero MotoCorp, har a 2023 suka fito da ƙaramin samfuri, X440. In maƙerin ya rage tsawo don ya shiga kasuwar masu ƙaramin ƙarfi, mu me ya kai mu ɗaukar tsohon da wani ya gaji da shi?

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Tun kuɗin Udoji na 1975, da iyayenmu suka ruga sayen Honda da Yamaha da Vespa, ga shi yau fiye da shekara hamsin, yawancin abin da muke kira ƙira harhaɗa sassan da aka shigo da su cikin akwati ne. Ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makanikai a kowane lungu. Me zai hana hukuma ta haɗa su a fara ko da birki da sarƙa?

Wanda kuma ya ce shi dai sai babban, ba mu hana shi ba, kuɗinsa ne. Ya dai tafi wurin ciniki da bakaniken da zai riƙa gyara masa, ya kuma nemi takardun kwastan kafin ya ƙirga ko sisi, domin daga Kanya zuwa iyakar Nijar ba nisa, masu tambayar takardun nan kuwa suna bisa hanya.