Babban Hutu: Ɗan Mai Hali Na Ƙaruwa, Ɗan Talaka Na Mantuwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama aka gama jarrabawa, sai direkta ya garƙame ƙofofin lakwal ya jefa makullai a aljihu, mushe ya nufi garinsu, yara kuma su watse. Daga watan Yuli har zuwa farkon Oktoba, wata 3 cur, babu alli babu allo. Muna kiran wannan lokaci babban hutu, kuma babu mai musun cewa yaro da malaminsa suna bukatar su sarara. To amma akwai tambayar da ba mu saba yi wa kanmu ba: a cikin waɗannan watanni, wa ke ƙaruwa, wa kuma ke asara?

Amsar tana manne a bangon unguwanninmu. Ka zaga Yamai ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa, za ka ga takardun tallar darussan hutu, kowanne da farashinsa. Ma'aikacin gwamnati yakan matse albashinsa ya biya, Alhajin kasuwa yakan ɗauko malami har gida. Ɗan ga-ruwa kuwa, da ɗan mai amalanke, da ɗan manomin ƙauye, in an sallame su ba sa komawa gida da komai sai tsohon kaye, domin littafin da suke karantawa a aji na makaranta ne, sau da yawa ma yara da dama ke tarayya a kan guda ɗaya. Kafin Agusta ya ƙare, kayen nan ya zama abin ƙunshe ƙosai. Yaron ba zai sake haɗa ido da rubutu ba sai ranar komawa.

Ranar komawar ma ba ɗaya ba ce ga kowa. Dubban ajujuwan ƙasar nan rumfunan zana ne da kara. Ruwan farko ke tashin su, kuma ba a sake kafa su sai an yi girbi an sami karan hatsi. Ke nan yaron da ke irin wannan aji, hutunsa ya zarce wata 3 na takarda, yakan kai wata 4, wani lokaci har 5. Ba mu cika tunawa da waɗannan rumfuna ba sai ranar da wuta ta kama su, kamar yadda ta faru a Yamai cikin Afrilu da kuma Maraɗi cikin Nuwamba na 2021, inda yara sama da 40 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Amma akwai wata ɓarnar da suke yi shiru kowace shekara, wadda ba ta da hayaƙi: cinye watannin karatu.

Na ga abin da idona. Wani ɗan ƙanena da ya gama aji 2 a ƙauye ya zo mini hutu a watan Yuni, yana haɗa baƙaƙe yana karanta allunan shaguna a bakin hanya, yana murna. Ya koma gida noma. Da na je ganin gida bayan girbi na miƙa masa takarda, sai ya tsaya yana kallon ta kamar bai taɓa shiga aji ba. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Karatun yaro ƙarami kamar wutar kara yake, in ba a iza ba ta mutu. Malamai sun san haka sarai, shi ya sa makonnin farko na kowace shekara ke tafiya wajen maimaita abin da aka riga aka koyar bara.

Wanda ke ganin abin bai kai a damu ba, ya dubi sakamakon binciken PASEC, wanda ke auna ilimin ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ajin ƙarshe, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 an sami ci gaba, adadin ya kai wajen 3 cikin 10. Madalla da ci gaban, amma ma'anarsa ita ce, cikin yara 10 da suka share shekara 6 a aji, 7 sun fita ba su mallaki karatu ba. Dalilan suna da yawa: cunkoso, ƙarancin littattafai, yajin aiki, malaman kwantaragi da ba su sami isasshen horo ba. Galibinsu sai da maƙudan kuɗi da shekaru ake gyara su. Asarar babban hutu kuwa ita ce wadda za mu iya tarewa da hannunmu, tun bana, da ɗan abin da muke da shi.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gano wannan. A Amurka, tun wajen shekarun 1890 ɗakunan karatu na gari suka fara shirya wa yara karatun hutu kyauta. A 1978 wata masaniya, Barbara Heyns, ta wallafa binciken da ta yi kan ƴan makaranta a birnin Atlanta, inda ta nuna cewa yawan littattafan da yaro ya karanta a hutu, da yawan zuwansa ɗakin karatu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙaruwarsa. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi kafin su, suka ce yaro kan yi asarar kimanin karatun wata guda a hutu, kuma wajen karanta rubutu ƴaƴan talakawa ne ke komawa baya. Masana na can suna gardama har yanzu kan girman asarar, amma a tuna hutunsu bai kai namu tsawo ba, gidajensu kuma ba su kai namu rashin littafi ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin da Richard Allington da abokansa suka yi a jihar Florida, wanda aka wallafa a 2010. Ba su gina aji ba, ba su ɗauki malami ba. Sun bar ƴaƴan talakawa kowanne ya zaɓi littafi 12 da kansa, kyauta, ya tafi da su gida, shekara 3 a jere. Da aka auna, waɗannan yara sun fi takwarorinsu da ba a ba littafi ba iya karatu. A Ingila kuma, tun 1999 ake kiran yara kowane hutu su karanta littafi 6 a ɗakin karatun unguwarsu, wanda ya cika a ba shi takardar shaida da lambar yabo. Sirrin duka bai wuce abu 3 ba: littafin ya zama kyauta, yaro ya zaɓa da kansa, a kuma sami babban da zai tambaye shi abin da ya karanta.

Wanne ne cikin waɗannan ya fi ƙarfinmu? Ga abin da nake ba da shawara. A kowace unguwa da kowane babban ƙauye a sami akwatin ƙarfe, irin wanda maƙeranmu ke ƙerawa, mai hana gara da ruwa. A zuba masa littafi 100 na labarai masu hotuna. A buɗe aji guda na siminti cikin waɗanda ke kulle, ko zauren mai unguwa, ko gidan matasa, kwana 2 ko 3 a mako, awa 2 kacal. A sami mai kula: malamin da ya yi ritaya, ko ɗalibin jami'a da ya dawo gida hutu daga Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou ko Djibo Hamani. Ya karanta wa ƙanana da babbar murya, manya su karanta da kansu su ba da labarin. Babu jarrabawa, babu bulala, babu ko dala. Yaron da ya gama littafi 6 a kira sunansa a gaban iyaye ranar komawa, a ba shi kaye da biro.

Mu ƙaddara littafi guda jika 1 da rabi ne. Guda 100 jika 150 ke nan. A haɗa da akwati da tabarmi da ɗan abin sabulu na mai kula, mu ce jika 250. Kowa ya san a garuruwanmu akwai masu kashe fiye da haka a daren biki guda, littattafan kuma za su yi shekaru ana mora.

Sai batun harshe, kuma nan ne gizo ke saƙar. Yaron da bai ji Faransanci ba, in ka ba shi littafin Faransanci a hutu, ka ƙara masa azaba ne. A fara da harshen da yake mafarki da shi: Hausa a ƙasar Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci a inda ake yin su, sannan a haɗa da na Faransanci masu sauƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To, harshen ƙasa da yaran ƙasa ba su da abin karantawa a cikinsa, ina amfanin sunan? Littattafan kuwa akwai su. Maɗaba'un Albasa da Gashingo sun buga na yara cikin harsunanmu a Yamai. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, suna nan a kasuwannin Katsina da Kano, inda motocin ƴan kasuwarmu suka saba zuwa. Abin da ya rage shi ne mai saye, domin mai buga littafi ba ya bugawa sai ya ga kasuwa.

Mun daɗe muna barin wannan aiki a hannun baƙi. Ɗakunan karatun da ake kira CLAC, waɗanda aka buɗe a wasu garuruwanmu, shiri ne na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka aza harsashinta a nan Yamai a 1970, wadda kuma Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a 2025. Cibiyar al'adu ta Jean Rouch, inda yaran Yamai da yawa suka fara aron littafi, ta koma sunan Moustapha Alassane a 2024. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, ba shi ne zancena yau ba. Amma duk wanda ya ce ya tsaya da ƙafafunsa, sai ya ɗauki kayansa da kansa. Sauya suna a bango aikin yini guda ne, cika kanta da littafi shi ne aikin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san abin da za a ce. Za a ce damina lokacin noma ne, yaro hannu ne a gona, yarinya kuma tana kan talla. Gaskiya ne, kuma shirin da ya yi gaba da gona ba zai kai labari ba. Amma ba a wuni ana noma daga asuba har magariba kowace rana. Iyaye su zaɓi lokacin da ya dace da su, a kuma ware wa ƴan mata nasu lokacin da mace mai kula, domin su ne aka fi cirewa daga makaranta in an ga ba su gane komai. Za a ce makarantar allo fa? Makarantar allo ita ce ma hujjata: ba ta da kasafin kuɗi, ba ta jiran Bature, amma tana nan daram domin al'umma ta ɗauke ta tata. Tana hutun Alhamis da Juma'a, ga lokaci nan ya samu ba tare da an taɓa karatun Alƙur'ani ba.

Ya ku Alhazan kasuwa, kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ku ne kuma kuka fi kowa sanin zafin yaron shago da ba ya iya karanta rasit, ko takardar duwan, ko saƙon kuɗi a waya, har a cuce ku a gabansa. Kowannenku ya ɗauki nauyin akwati guda a unguwarsa da guda a ƙauyen da aka haife shi. Ya ku ma'aikata, littattafan da ƴaƴanku suka girme su suna kwance ƙura ta rufe, ku fito da su, ku kuma ba da yammaci guda a mako. Ba a taɓa jin ɗan wani ya zauna lafiya a unguwar da sauran yara suka tashi jahilai ba. Ma'aikatar ilimi da hukumomin gundumomi kuwa, ba mu roƙe ku biliyoyi ba. Takarda guda muke so, wadda za ta ba direktoci izinin buɗe aji ɗaya a hutu, da ɗan layi a kasafin kowace gunduma na sayen littattafai cikin harsunan ƙasa. Sai dai a yi hattara, kada a mai da abin bikin ƙaddamarwa, a kashe kuɗin a rumfa da lemo da jawabai. A liƙa lissafi a ƙofa: littafi nawa aka saya, yaro nawa ya zo.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai aji 3 bai iya karatu ba, da wuya ya cim ma sauran, domin daga nan kowane darasi sai da karatu ake fahimtar sa. Kada mu jira taron ƙasa ko tallafin waje. Kafin a kulle lakwal a hutu mai zuwa, kowane mai karanta wannan shafi ya tambayi kansa: a unguwarmu, wa zai sayi akwatin, wa zai riƙe makullin? In aka rasa mai amsawa, to shi ne. Allah ya ba mu ikon yi.