Bikin Argungu: Daga Ina Giwan Ruwa Na Baɗi Zai Fito?

A duk lokacin da aka harba bindiga a bakin Matan Fada, dubban masunta suka ruga cikin ruwa kowa da homarsa da goransa, abin da jama'a ke jira su gani guda ɗaya ne, watau kifin da zai rinjayi sauran a kan sikeli. A shekarar 2005 kifin da ya ci gasar ya kai kilo 75, har sai da ƙarti huɗu suka kama kafin a ɗora shi a ma'auni. A shekarar 2020 kuwa, sa'ad da aka farfaɗo da bikin bayan ya yi shekara goma a kwance, wanda ya zo na ɗaya ya fito da kifi mai kilo 78, aka sallame shi da motoci da kujerun Makka da kuɗi miliyoyin naira. Waɗannan su ne alƙaluman da ake shelarsu a rediyo, ake bugawa a jaridu. Amma akwai tambayar da ba safai ake yin ta a filin biki ba: shekara nawa kifin nan ya yi yana girma, me ya ci ya girma, kuma nawa ne irinsa suka rage a gulbin?

Kamar yadda aka sani, bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su na musamman domin nuna cewa tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi ta ƙare. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa, aka haɗa shi da kabanci, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa, da kokawa da dambe, da nunin amfanin gona, har a shekarar 2016 Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da suka cancanci a kiyaye.

To, amma su kansa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba, kuma abin da ya riƙe shi tun zamanin kakanni shi ne hani. Matan Fada yanki ne na gulbi wanda tsawonsa bai wuce kimanin mil guda ba, kuma bisa al'ada ba a jefa homa ko birgi a cikinsa duk tsawon shekara sai ranar da aka fasa ruwa. Sarkin Ruwa shi ke lura da lafiyar gulbin, shi ke yin gyaran ruwa kafin a shiga, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Kifin da ya sami wuri mai zurfi inda babu mai tayar masa da hankali, can yake tarewa sa'ad da ruwa ya ja da rani. Saboda haka sa'a guda ɗin nan da ake yi ana rububin kifi, ribar haƙurin wata goma sha ɗaya ce da 'yan kai. Turawan da suka ƙware kan kimiyyar kifi sun ba irin wannan tsari sunaye iri-iri a littattafansu, suna kiransa rufe lokacin kamu da keɓe matattara. Kabawa sun daɗe suna yin abinsu ba tare da sun jira an raɗa masa suna ba.

Matsalar ita ce kifi ba ya zama a mil guda. Tarwaɗa da ƙarfasa da balli da ƙurungu da sauran kifayen gulbi rayuwarsu a ɗaure take da ambaliyar damina. Idan ruwa ya cika ya malala cikin fadama, sai su bi shi su yi ƙwai a cikin ciyayi, 'ya'yan su sami abinci da mafaka, in kaka ta yi ruwa ya soma ja su komo gulbi da tafkuna. Masu bincike kan manyan kogunan Afirka sun daɗe da tabbatar da cewa yawan kifin da ake kamawa a shekara yana bin girman ambaliyar shekarun da suka gabace ta. Shi kuwa giwan ruwa, wanda galibi shi ke cin gasar Argungu, kifi yake ci. Duk kilo guda na jikinsa kilo da yawa ne na ƙananan kifaye da fadama ta haifa. In fadama ba ta sha ruwa ba, giwan ruwa zai ji a jikinsa ko da babu wanda ya taɓa Matan Fada.

A nan ne maganar madatsun ruwa ta shigo. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a shekarar 1978, ta Goronyo kuma a kan gulbin Rima a shekarar 1984. Gulaben nan biyu suna haɗuwa ne kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ruwan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa cikin Kwara. Watau dai ruwan da ke isa Matan Fada sai ya ratsa ta ƙofofin da ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke buɗewa da rufewa. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori cikin shekarun 1980 ya nuna ambaliya ta ragu, noman fadama ya ja baya, kamun kifi ma ya faɗi. Ba a gina madatsun nan don a cuci kowa ba. Noman rani da ruwan shan birane su ne dalili, kuma dalilai ne masu ƙarfi. Sai dai a lissafin da aka yi ba a ware wa kifi kasonsa ba.

Alamun hakan sun bayyana a filin bikin kansa. A shekarar 2006 an hana shiga su saboda ƙarancin ruwa. Bayan bikin 2009 kuma aka yi ta ɗagawa har zuwa 2020, kuma ko da yake rashin tsaro ne aka fi ambata, janyewar ruwa da cikewar gulbi da yashi suna cikin dalilan. A shekarar 2018 ruwan Goronyo ya yi ƙasa har ya koma kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke iya ɗauka. Bugu da ƙari, tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafar rani ya faɗaɗa ƙwarai a fadamar Kabi. Wannan abin farin ciki ne ga manomi da ƙasa baki ɗaya. Amma injunan ban ruwa suna zuƙa ne a daidai watannin da gulbi ya fi ƙaranci, watau watannin da ake biki, maganin feshi kuma in ya sauka daga gona ba shi da wurin zuwa sai ruwa.

Wannan ke nan game da abin da ya fi ƙarfin masunci. Akwai kuma wanda ke hannunsa. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta kamu da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau kimanin inci 3, in ban da wadda aka yarje don wasu 'yan ƙananan kifaye da ba sa girma. Dokar tana nan a takarda. Amma duk wanda ya saba zagaya bakin ruwa a ƙasar nan ya san ba a rasa kalli mai ƙananan idanu, ba a rasa gidan sauro da aka mayar taru, kuma sunan Gamalin 20 ba baƙo ba ne a kunnen masunta, ko da yake sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta sanya wa takunkumi tun 2009. Mai zuba guba a tafki yakan kwashi kwando biyu ko uku, ya bar abin da ya ninka haka yana ruɓewa a gaɓa, sa'an nan ya kai na kwandon kasuwa mutane su ci. Ba a bukatar dogon bayani kan wannan. Abin lura kawai shi ne jami'in kifi ɗaya ba zai iya tsare gulbi mai tsawon mil ɗaruruwa ba, alhali kuwa kusan kowane gari na bakin ruwa yana da Sarkin Ruwansa wanda ya san kowane kwalekwale da mai shi.

Saura batun da ya fi wuyar faɗa, domin ya shafi zuciyar gasar. Kyautar Argungu ta kifi mafi nauyi ce, kuma a jinsin giwan ruwa manyan nan galibinsu mata ne. Namiji yakan balaga da wuri yana ƙarami, macen kuwa sai ta ƙara girma, kuma babbar mace takan zuba ƙwai miliyoyi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a shekarar 2018, wanda ya duba nau'in kifin teku 342, ya gano cewa uwa guda babba ta fi tarin ƙanana masu nauyinta in an haɗa su yawan ƙwai, kuma ƙwanta ya fi girma. Kifin teku aka auna, amma darasin bai tsaya a teku ba. Ma'anarsa ita ce kifaye uku ko huɗu da ake jerawa gaban manyan baƙi kowane biki, ana ɗaukar hotonsu, su ne iyayen da gulbin ya fi bukata.

Girman kyauta kuma yana da nasa sharrin. A shekarar 2008 an ƙwace kambun daga hannun wanda aka ce ya ci da kifi mai nauyin fiye da kilo 60, bayan bincike ya nuna kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa, daga wani wuri aka kawo shi. Kada a ce halin mutanen nan ne kaɗai. A shekarar 2022, a wata gasar fatsa a tafkin Erie da ke jihar Ohio ta Amurka, an tsaga cikin kifin waɗanda ke shirin lashe kyauta aka tarar da dunƙulen dalma, har maganar ta kai su kurkuku. Ko'ina aka ɗora dukiya mai yawa a kan sikeli, za a sami mai neman ya yaudari sikelin. Illar a Argungu ita ce irin wannan maguɗi yana aika mutane farautar manyan kifaye a wasu ruwayen tun ana sauran kwanaki biki.

Masu kamun kifi don nishaɗi a wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A tafkin Nasser na Masar, da gindin magangarar ruwa ta Murchison a Uganda, da kogin Faro a arewacin Kamaru, baƙi suna biyan kuɗi mai tsoka don su kama wannan giwan ruwan da fatsa, a auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa da ransa. Kifi guda yana iya kawo kuɗi sau da dama. Akwai masu ganin Argungu ma ta bi sahu.

Wannan shawara tana bukatar a auna ta da hankali. Bature mai fatsa ya ƙoshi kafin ya zo bakin ruwa; Bakabe mai homa kifin da ya kama shi ne cefanen gidansa, wani ma daga nesa ya zo da kuɗin motar da ya ranto. A ce masa ya saki abin da Allah ya ba shi, magana ce da ba za ta shiga kunne ba, kuma babu dalilin da za a ce ta shiga. Har ila yau, kifin da aka yi kokawa da shi cikin ruwan da dubban ƙafafu suka dama ya zama taɓo, aka zura masa igiya a baki aka ja shi zuwa gaɓa, da wuya ya rayu ko an sake shi. Wanda ya ce a kwafo tsarin Masar dungurungum bai taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ba.

Amma tsakanin a saki duka da a kashe duka akwai fili. Ba abin da zai hana a ajiye manyan kwatarniyoyin ruwa ko a killace wani gefe da raga kusa da ma'auni, a ce kifin da ya kai wani nauyi aka kawo shi da rai yana da ƙarin kyauta a kan wadda aka saba, gwamnati ta biya mai shi kuɗin namansa, a sa masa alama a mayar. Wannan zai taɓa kifaye ƙalilan ne kawai, sauran dubbai kowa ya tafi da nasa gida. Zai kuma toshe ƙofar maguɗi irin na 2008, tun da mataccen kifi ba ya motsa ƙege. In an sake kama mai alama bayan shekara biyu ko uku, Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke New Bussa za ta sami abin da ba a samu da sauƙi, watau sanin yadda kifin gulbin ke girma da inda yake zuwa. Ko da rabin waɗanda aka mayar ne suka rayu, an ci riba.

Haka nan kuma kyautar da ake ba mai babban kifi, ya kamata a sami kwatankwacinta ga garin da ya fi kiyaye ruwansa. Masarautar Kabi a ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera tana da sarakunan ruwa da jama'a ke jin maganarsu. Gwamnatin Jihar Kebbi tana da ikon ayyana lokacin hana kamu da wuraren da aka keɓe. In aka haɗa biyun, aka ƙara wasu guraben masu zurfi sama da ƙasa da Argungu cikin hanin da Matan Fada ke ciki, aka tsayar da kamu a makonnin da kifi ke shiga fadama yin ƙwai, to hanin zai bi kifi inda yake tafiya. Masuncin da aka ce ya ajiye kalli na wata biyu da damina yana da gona a lokacin, saboda haka nauyin bai kai yadda ake zato ba, muddin an yi shawara da shi tun farko.

Ruwan kansa kuwa ba a Birnin Kebbi ake yanke hukuncinsa ba. Madatsun biyu na Gwamnatin Tarayya ne, ɗaya a Jihar Zamfara, ɗaya a Jihar Sakkwato. Ruwan da zai cika Matan Fada ranar biki domin baƙi su gani abu ne mai sauƙin nema. Wanda kifi ke bukata shi ne na watan Agusta da Satumba, a sake shi da yawan da zai hau fadama, a kan lokacin da aka sanar da manoma tun da wuri, don kada a maimaita ɓarnar ambaliyar da ta auka wa ƙauyukan Sakkwato a shekarar 2010. Wannan yana bukatar jihohin uku da hukumar kogunan su zauna teburi guda da jadawalin sakin ruwa a gabansu, kuma a cikin masu zaman a sami kujerar Sarkin Ruwa.